Ƙarfen da Ba Shi da Sahu: Gilashin Ƙarfe a Gaban Nutiron

Mai karatu, cokalin da ke hannunka, ƙwayoyin zarrar cikinsa a jere suke, sahu-sahu kamar sojoji a fareti. Kusan duk ƙarfen da ka sani haka yake. A 1960, Pol Duwez da abokan aikinsa a jami'ar Caltech ta Amurka suka narkar da zinare da silikon, suka sanyaya shi cikin ƙiftawar ido, wajen digiri miliyan a daƙiƙa ɗaya. Ƙwayoyin ba su samu sukunin shiga sahu ba, sai suka daskare a hargitse kamar na gilashi. Shi ne gilashin ƙarfe. Da farko siraran faifai kawai ake iya samu. Wajen 1990, Akihisa Inoue a Japan da William Johnson a Caltech suka gano haɗe-haɗen da ake zubawa da kauri.

To, ina ruwan masu nukiliya? A cikin tukunyar nukiliya, nutiron kan bugi ƙwayar zarra ya fitar da ita daga sahunta, ya bar gurbi. Guraben su taru su zama ramuka. A 1967, a tashar Dounreay ta Sikotlan, aka gano irin waɗannan ramuka a ƙarfen da ke lulluɓe da makamashi. Ƙarfe ya kumbura, ya yi gautsi, kuma tsagewarsa a irin wannan wuri ba wasa ba ce.

Sai masana suka ce, ai wanda ba shi da sahu ba a fitar da shi daga sahu. Gwaje-gwaje sun ba su rabin gaskiya. A wasu haɗe-haɗen, bugun kan ƙara 'yan sarari tsakanin ƙwayoyin, ƙarfen ya ɗan yi laushi, ya lanƙwasa maimakon ya karye. Amma fa hargitsin nan zaman wucin gadi ne, ƙwayoyin kullum sahu suke nema. Idan bugu ya haɗu da zafi, sai su samu ƙarfin motsi, ƙananan gungu masu sahu su tsiro, wani lokaci gautsi ya biyo baya.

Shi ya sa aikin da ke gaban masu bincike yau shi ne tantance haɗin da zai jure, a wane zafi, kuma tsawon shekara nawa.