Fabrice Monteiro da hotunan aljanun juji

Fabrice Monteiro mai ɗaukar hoto ne da ke zaune a birnin Dakar na ƙasar Senegal. An haife shi a Beljiyam a shekarar 1972. Mahaifinsa ɗan Benin ne, mahaifiyarsa ƴar Beljiyam, kuma a Benin ya girma. Aikin injiniya ya karanta kafin ya kama sana'ar hoto.

A 2013 ya fara aikin da ya fito da sunansa, The Prophecy, wato hangen abin da ke tafe. Ya haɗa gwiwa da wani mai zayyana tufafi ɗan Senegal da ake kira Doulsy. Sukan je wurin da ya gurɓace, su tsinci leda, tsohuwar koma da sauran tarkace, su ɗinka riga da su, a sa wa mutum, sannan a ɗauki hoto nan take a wurin.

Waɗanda ke cikin hotunan an nuna su ne kamar aljanu. A labarin da ya tsara, ƙasa ce ta gaji da ɓarnar ɗan Adam, ta aiko su da gargaɗi.

Hoton da aka fi sani an ɗauke shi a Mbeubeuss, babban jujin Dakar da aka buɗe a 1968. Wata doguwar mace ce tsaye cikin hayaƙi, rigarta ta leda ta haɗe da tulin shara, har ba ka gane inda rigar ta ƙare. Akwai na gaɓar tekun Hann, inda ƙazantar masana'antu da jinin mayanka ke kwarara cikin ruwa. Akwai kuma na gobarar daji a yankin Tambacounda.

To, me ya sa aljanu? Saboda rahoton masana cike da alƙaluma bai cika isa kunnen talaka ba, amma tatsuniya kowa ya san ta, har yara. Da ita Monteiro ke nuna baƙin cikin abin da aka rasa, da yadda duniya za ta kasance in shara ta fi ƙarfin mutane.

Wannan matsala ba baƙuwa ba ce a Nijar. Tun 2014 aka yi dokar hana leda maras kauri, amma har yanzu tana toshe magudanan ruwa, dabbobi kuma na ci suna mutuwa.