Yadda Dokokin Wayarin Lantarki na Gida Suka Samo Asali

Dokokin da mai aikin wayarin ke bi a yau, kamar kaurin wayar da ta dace da kowane layi, da fis, da wayar ƙasa, da irin soket ɗin da ake sawa a waje inda ruwan sama ke duka, sun taru ne sannu a hankali cikin shekaru sama da 140. Kusan kowacce daga cikinsu an rubuta ta ne bayan an yi asarar dukiya ko ta rai. Mafi yawan abin da ake bi a Nijeriya ya samo tushe daga Ingila, don haka tarihin ya fi karkata can, amma Amurka da Jamus da Afirka ta Kudu duk sun sa hannu.

Fitilar lantarki ta fara shiga gidaje wajen shekarar 1880, bayan Joseph Swan a Ingila da Thomas Edison a Amurka sun ƙera ƙwan fitila mai daɗewa yana ci. Gidajen attajirai da masu sarauta ne suka fara samu, kuma babu wata ƙa'ida da masu ja musu waya ke bi. A gidan Lord Salisbury da ke Hatfield, wayoyi sukan yi tartsatsi a jikin katakon rufi, har mutanen gidan su riƙa jifan wurin da matasan kai don kashe wutar. A wannan gida ne, a 1881, wuta ta kashe wani ma'aikaci da ya taɓa wayar da aka ja a fili ba tare da rufi ba. A birnin New York kuwa, gidan attajirin nan J. P. Morgan, wanda kamfanin Edison da kansa ya yi wa wayarin, ya kama da wuta a ɗakin karatu saboda haɗin waya marar kyau.

Waɗanda abin ya fara damu su ne kamfanonin inshora, domin su ke biyan diyya idan gida ya ƙone. A 1882 kamfanin Phoenix na Landan ya fitar da sharuɗɗansa, kuma a wannan shekarar ƙungiyar injiniyoyin talgiram da lantarki ta Ingila ta buga dokokinta na farko. 'Yar takarda ce mai shafi huɗu, kuma takenta ya nuna inda aka dosa: hana gobarar da fitilar lantarki ke haddasawa. Ta nemi a rufe waya, a yi haɗi mai kyau, a sa fis, wato siririyar waya mai saurin narkewa wadda ke tsinkewa idan wuta ta yi yawa kafin babbar wayar ta ɗau zafi. Ta ɗan taɓo tsaron mutum, inda ta hana bambancin ƙarfin wuta ya wuce volt 200 tsakanin wurare biyu a ɗaki ɗaya, amma hankalinta na kan gini da kayan cikinsa. Haka aka yi a Amurka. Yawan tashin wuta a baje kolin duniya na Chicago a 1893 ya sa masu inshora suka ɗauki injiniya William Henry Merrill ya duba musu wayoyin, shi kuma ya kafa ɗakin gwajin kayan lantarki a 1894, wanda ya zama Underwriters Laboratories. Kundin dokokin lantarki na Amurka ya fito a 1897, shekara biyu bayan ƙungiyar VDE ta Jamus ta fitar da nata.

Kayan aikin wancan zamani su ma sun taimaka wajen kawo haɗari. A Ingila ana kwantar da waya cikin ramin katako a rufe da wani katakon a kai. A Amurka ana ɗaura wayoyi biyu a kan 'yan dunƙulen tangaran, nesa da juna, iska ce kawai ke raba su. Rufin waya kuwa roba ce da aka naɗe da zare, wani lokaci a ƙara mata rigar dalma. Robar tana bushewa da tsufa, ta farfashe, ta zube, wayar ta zauna tsirara cikin bango ba wanda ya sani. Bututun ƙarfe ya rage wannan matsala, sannan daga shekarun 1950 rufin PVC ya fara maye gurbin roba, shi ne kuma ake gani a wayoyin kasuwa har yau. A 1924 wani Bajamushe, Hugo Stotz, ya yi rajistar ƙaramar bireka wadda ke kashe kanta idan wuta ta yi yawa, a kuma mayar da ita da hannu ba sai an canja komai ba. Amfaninta babba shi ne ta toshe wata mummunar ɗabi'a da ta zama ruwan dare a ko'ina, ta ɗaura waya mai kauri ko ƙusa a gurbin fis ɗin da ya ƙone.

Fulogin nan mai ƙafa uku masu kusurwa, wanda kowa ya sani a Kano da Kaduna da Kumasi, haifaffen yaƙin duniya na biyu ne. Tun yaƙin bai ƙare ba gwamnatin Ingila ta kafa kwamitin da zai tsara wayarin gidajen da za a sake ginawa, kuma rahotonsa ya fito a 1944. Jan ƙarfe ya yi tsada a lokacin, don haka aka zaɓi a ja layi ɗaya ya zagaya soket-soket na gida ya dawo inda ya taso, a tsare shi da fis mai amfiya 30. Da yake wannan fis ya fi ƙarfin siririyar wayar rediyo ko fitilar tebur, sai aka sa wa kowane fulogi nasa ƙaramin fis a ciki, wanda bai wuce amfiya 13 ba. Mace ɗaya ce a kwamitin, Caroline Haslett, wadda ta daɗe tana fafutuka kan lantarki a aikin gida da tsaron yara. Soket ɗin da ya fito a 1947 da lamba BS 1363 yana da murfi a cikin ramukan wuta, kuma ƙafar ƙasa, wadda ta fi sauran tsawo, ita ke buɗe murfin idan an cusa fulogi. Tsawon nata ya sa ita ce farkon haɗuwa kuma ƙarshen rabuwa. A 1984 aka ƙara naɗe gindin ƙafafun wuta biyu da roba don kada yatsa ya taɓa su. Duk wanda ya tura biro ko tsinke ya buɗe murfin don cusa waya tsirara, ya rushe wannan tsari gaba ɗaya.

Fis da bireka suna kare waya, amma ba sa kare jikin mutum, kuma an ɗauki lokaci mai tsawo kafin a magance wannan giɓi. Wayar ƙasa ita ce matakin farko: ana haɗa jikin ƙarfen firji ko dutsen guga da ƙasa, ta yadda idan wayar wuta ta taɓa jikin, wutar za ta kwarara da ƙarfi ta ƙona fis maimakon ta jira hannun mutum. Amurka ta wajabta soket mai wayar ƙasa a dukan gida a 1962. Ingila ta faɗaɗa wajabcin zuwa layin fitilu a 1966, ta kuma daina amincewa da bututun ruwa a matsayin hanyar ƙasa, domin bututun roba ya fara maye gurbin na ƙarfe. Duk da haka, wutar da ke iya kashe mutum ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Charles Dalziel na Jami'ar Kalifoniya a Berkeley ya gwada masu sa kai, ya gano cewa matsakaicin namiji ba ya iya sakin waya idan wutar ta wuce miliamfiya 16, mace kuwa wajen miliamfiya 10 da rabi. Fis mai amfiya 30 ba zai ko motsa ba a kan irin wannan adadi.

Maganin ya zo daga wurare biyu. A tsakiyar shekarun 1950 injiniya Henri Rubin ya ƙera wa wuraren haƙar zinariya na Afirka ta Kudu na'ura mai gano yoyon wuta, Dalziel kuma ya fito da tasa a 1961. Aikinta shi ne auna wutar da ta fita ta waya ɗaya da wadda ta dawo ta ɗayar. Idan suka bambanta, to wani ɓangare ya bi ta wata hanya, wataƙila ta jikin mutum, sai ta yanke layin nan take. A ƙasashen da ke bin tsarin Turai ana saita ta a kan miliamfiya 30, a Amurka kuwa wajen 5.

Wajen gida ne aka fara tilasta amfani da ita, kuma dalilin a fili yake. Mutumin da ke tsaye a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa ba takalmi ya zama hanya mai sauƙi ga wuta. Dokar Amurka ta fara da fitilun cikin tafkin wanka a 1968, ta kai ga soket na waje a farkon shekarun 1970, banɗaki a 1975, gareji a 1978, kicin a 1987. Ingila ta bi a hankali, sai a bugu na 17 na dokokinta, a 2008, ta wajabta na'urar ga kusan kowane soket na gida da kuma wayar da aka binne a bango ba ta kai zurfin milimita 50 ba. Kayan waje kuma suna da lamba mai farawa da IP, inda adadi na farko ke nuna kariya daga ƙura da yatsa, na biyu kuma daga ruwa. IP44 na jure fantsamar ruwa, IP66 na jure feshi mai ƙarfi. Wayar da za a binne a tsakar gida ana son mai sulken ƙarfe ce ko wadda ke cikin bututu mai ƙarfi, da tef na gargaɗi a samanta don mai haƙa ya gani kafin diga ta same ta.

Lantarki ya isa Legas kafin ƙarni na 19 ya ƙare, kuma ƙa'idojin Ingila suka biyo shi, daga zamanin hukumar lantarki ta ECN zuwa NEPA da aka kafa a 1972. Shi ya sa soket ɗin Nijeriya da Gana ya zama na Ingila, na Nijar kuma ya fi bin na Faransa mai zagayayyun ƙafafu. Tsofaffin gidaje na da ja da baƙi da kore a launin waya, sababbi kuwa sukan zo da ruwan ƙasa da shuɗi da kore mai ratsin rawaya, bin sauyin da Ingila ta yi a 2004. Gidan da aka haɗa launukan biyu yana bukatar a gwada kowace waya kafin a taɓa.

Akwai abubuwan da yanayin nan ya ƙara. Ƙasar arewa tana bushewa ƙwarai da rani, sandar da ake kafawa don haɗa wayar ƙasa kuma ba ta aiki sosai a busasshiyar ƙasa, shi ya sa masu sana'ar ke zuba gawayi da gishiri a raminta, ko da yake gishirin na cin ƙarfen a hankali, kuma awo da na'ura ne kaɗai ke tabbatar da ingancinta. Janareto da sola sun kawo bukatar makunnin da ke raba layin gida da na kamfani, domin in babu shi wutar janareto na iya komawa kan falwaya ta kama ma'aikacin da ke gyara. Ga kuma jabun waya, wadda aka rage mata kauri ko aka shafa wa alminiyom ruwan jan ƙarfe, tana zafi tun kafin bireka ta ji komai. Hukumar SON ce ke kula da ingancin waya a kasuwa, dokar 2015 kuma ta ɗora wa hukumar NEMSA alhakin dubawa da gwada wayarin kafin a jona masa wuta, da ba masu aikin takardar shaidar ƙwarewa. Ƙa'idojin suna nan a rubuce, kuma sun wadatar. Raunin da ya rage shi ne gidaje da yawa, musamman a unguwannin da ke bunƙasa da sauri, ana jona su da layi ba tare da an yi wannan gwaji ba.