Ciwon Sanƙarau da Allurar Rigakafinsa

Sanƙarau ciwo ne da ke kama fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa da lakar baya. Wata ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani take kawo shi. Tana zama a maƙogwaron mutum, tana bin tari da atishawa zuwa ga wani.

Lokacinsa

Ƙasar Adar, har da Barmu da birnin Tawa, tana cikin yankin sanƙarau wanda ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha. Ciwon yakan tashi da rani, daga Disamba zuwa Yuni. Ƙurar hunturu tana busar da hanci da maƙogwaro, sai ƙwayar ta sami hanyar shiga jini. Kwanan mutane da yawa a ɗaki guda yana ƙara yaɗa shi. A shekarar 2015 annobarsa ta kama mutum wajen 8,500 a Nijar, fiye da 500 suka rasu.

Alamominsa

Zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, ciwon kai, amai, sandarewar wuya da ƙin haske. Jariri kuwa yakan ƙi nono, maɗigarsa ta kumbura.

Idan ka ga haka, kada ka jira gari ya waye. Kai shi asibiti mafi kusa nan take, domin ciwon yana iya kisa cikin kwana guda. Akwai allurar da ke warkar da shi idan an fara da wuri. Jinkiri yakan bar yaro da kurunta ko raunin hankali.

Rigakafi

A 2010 aka fara allurar MenAfriVac a Nijar, ga masu shekara 1 zuwa 29, sai sanƙarau iri na A ya ja baya ƙwarai. A 2017 aka sa ta cikin allurorin jarirai, a wata 9. A 2024 Nijar ta yi aiki da sabuwar allurar Men5CV, mai tare iri biyar: A, C, W, X da Y.

Allurar jarirai da ta gangamin rigakafi kyauta ce. Idan an yi shela, kai yaranka duka, har samari da ƴammata da almajirai. Ka adana katin allurar, ka nuna wa malamin asibiti don ya duba abin da ya rage wa kowane yaro.