Wai 3.12.4 ɗin nan, waye ya ƙirƙiro?

Jiya da daddare wani ƙanenmu ɗan aji biyu ya same ni a hostal, ido ya raina fata, gobe zai miƙa aiki amma lambobin Python da ya kwaso sun ƙi tashi. Ina dubawa na ga na Python 2 ne, shi kuma 3 ke kan kwamfutarsa. Tun 2008 aka raba gari tsakanin biyun, har aka yi jana'izar 2 a Janairun 2020. Lamba ɗaya tal ta hana shi barci.

Su manhajojin da kowa ke iya buɗewa ya gyara, kowacce da yadda take ƙirga sigoginta. Linux ya fara da 0.01 a 1991, bai kai 1.0 ba sai 1994. A da can, idan lambar tsakiya tana rabuwa biyu, kamar 2.4, to an gama gyara, 2.5 kuwa ta masu gwaji ce, ka ɗora ka sha mamaki. Daga 2003 aka maƙale a 2.6 har zuwa 2.6.39, sai a 2011 Linus Torvalds ya ce a koma 3.0. Ba wani babban sauyi fa, lambobin ne kawai suka ishe shi.

Slackware ma ya fi ban dariya: a 1999 ya tsallake daga 4 zuwa 7, don mutane na ganin takwarorinsa sun kai 6, suna ɗauka an bar shi a baya. Donald Knuth kuwa, duk gyaran da ya yi wa TeX sai ya ƙara lamba ɗaya daga π, yanzu ana kan 3.141592653. Ubuntu ya fi kowa sauƙin kai, shekara da wata ne: 4.10 na nufin Oktoban 2004.

Wanda ya shafe mu dai shi ne tsarin da Tom Preston-Werner ya rubuta, mai lamba uku. Ta ƙarshe gyaran kuskure ce, ta tsakiya ƙarin abu ba tare da ɓata tsohon aiki ba. Ta farko idan ta motsa, to tsohon aikinka na iya rushewa. Ba kowa ke bin wannan ƙa'ida ba, Python kanta takan cire abubuwa a lambar tsakiya.

Don haka masu furojek, ku rubuta lambar duk abin da kuka ɗora, kuma don Allah kar wanda ya sabunta komai ana saura kwana biyu ya tsaya gaban malamai. Yaron dai sai ƙarfe biyun dare muka gama sa wa print baka.