Daga Davenport zuwa Las Vegas: yadda tsatsar tsohon babur ta yi daraja

A ƙarshen watan Agusta ko farkon Satumba na kowace shekara, filin baje kolin Mississippi Valley da ke birnin Davenport a jihar Iowa ta Amurka yakan cika da motocin a-kori-kura, kowacce shaƙe da ƙarafan da mai wucewa zai rantse kayan 'yan jari-bola ne. Ga tankin mai da ya lotse, ga kafireta ƙirar Linkert da ta dafe don tsufa, ga rabin inji a cikin akwatin katako, duk an baza su a kan tamfol, mai kaya na zaune yana jiran tayi. Kasuwar Chief Blackhawk ke nan, wadda ke ci tun farkon shekarun 1970, kuma tana cikin manyan wuraren da masu sha'awar tsofaffin babura ke haɗuwa su saya, su sayar, su yi musaya. Da yawa na cewa intanet ta gama da irin waɗannan kasuwanni. Tarihinsu ya nuna akasin haka: abin da ake zuwa nema a cikinsu ne ya sauya.

Larura ce ta haife su. A 1953 kamfanin Indian ya daina ƙera babura a Springfield ta jihar Massachusetts, ya bar dubban mutane da baburan da ba su da inda za su samo musu kayan gyara. Shekara guda bayan haka, a 1954, aka kafa ƙungiyar masu tsofaffin babura ta Amurka, AMCA, wadda tarukanta suka zama matattarar masu neman kaya. Irin wannan ta faru a Ingila, inda kamfanin BSA ya durƙushe a 1973, masana'antar Triumph ta Meriden kuma ta rufe a 1983. Duk lokacin da kamfani ya mutu, kayan da suka rage a shagunan dillalansa sukan watse a hannun jama'a, sai a kasuwa za a sake ganinsu. Kasuwar Beaulieu ta Ingila ta fara a 1967, Veterama ta Mannheim a Jamus kuma a 1975. A wancan zamani, wanda giyar babur ɗinsa ta lalace yakan jira shekara guda cur, ya yi doguwar tafiya, ya tona tulin ƙarfe, kamar dai yadda bakanike ke shiga Panteka ta Kaduna don abin da ya gagara samuwa a shago. Ba wanda ke kallon kayan a matsayin dukiya. Araha ake bi.

Abubuwa biyu suka rage wa kasuwar ƙarfi. An kafa eBay a 1995, sai ya zamana fitilar Harley-Davidson ƙirar Panhead da a da ake shekara ana cigiyarta tana iya zuwa har ƙofar gida cikin mako. Kuma da kowa ya iya duba farashi a waya, damar tsintar dami a kala ta ragu ƙwarai, domin mai kaya ya san abin da ke hannunsa. Manyan baburan kuwa gidajen gwanjo suka ɗauke su. A Janairun 2018 Bonhams ya sayar da Vincent Black Lightning ƙirar 1951 a Las Vegas kan dala 929,000. A 2023 wani Harley-Davidson na 1908 ya kai dala 935,000 a gwanjon Mecum, a 2025 kuma Cyclone na 1915 ya haura dala miliyan ɗaya. Mai irin wannan kaya ba zai shimfiɗa shi a kan tamfol ba.

To me ya rage? Tsadar nan da kanta ce ta sake bai wa kasuwar aiki. Da kuɗi ya shigo, sai aka koma daraja asali fiye da ƙyalli. A da ana kankare tsohon fenti a fesa sabo, a goge ko'ina har ya riƙa ɗaukar ido. Yau babur da ya tsira da fentinsa na masana'anta, ko da ya koɗe, sau da yawa ya fi wanda aka sabunta kuɗi. A gefe guda kuma kayan kwaikwayo da ake bugawa a Taiwan da Indiya sun cika gari, wasu ma da kyar ake rabe su da na ainihi. Harley na kafin 1970 lambarsa a jikin injin take, ta gefen hagu, kuma a ƙarƙashin ɓarin gidan injin guda biyu akwai wasu lambobi da ya kamata su zo ɗaya. Wanda ya san aiki yakan juya ƙarfen, ya goge baƙin mai da tsumma, ya duba ko an kankare wurin an sake buga lamba, ya shafa da yatsa ya ji. Kuskure a nan na iya cinye dubban daloli, kuma mutanen da suka iya wannan duba a filin kasuwa ake samunsu tare a wuri ɗaya.

Mai ja zai ce hoto mai kyau ya wadatar. Ai hoto abin da mai sayarwa ya so a gani yake nunawa. Ba ya faɗin nauyin ƙarfe, ba ya tona walda da aka rufe da fenti, ba kuma ya kiran maƙwabcin rumfa ya zo ya sa baki a ciniki. Hujjar da ta fi wannan nauyi ita ce ta shekaru: akasarin masu zuwa dattawa ne, kuma matashin da bai taɓa hawa tsohon Harley ƙirar Knucklehead ba babu abin da zai sa ya yi begensa. Wannan gaskiya ce, kuma tana iya karya farashin wasu baburan Ingila da Amurka idan magada suka fara fito da abin da iyaye suka tara. Sai dai AMCA tana ɗaukar duk babur da ya cika shekara 35 a matsayin na tarihi, don haka layin gaba yake matsawa kowace shekara. Honda CB750, wanda fitowarsa a 1969 ta taimaka wajen kassara masana'antun Ingila, an taɓa yi masa kallon raini a waɗannan filaye. Yanzu dubu bakwai da 'yan kai na farko da aka ƙera, masu gidan inji mai kaushi, rububinsu ake yi. Kawasaki Z1 ya bi sahu, kuma a 2025 baburan 1990 suka cika ƙa'ida. Su kuwa matsalarsu ta fi ta magabatansu wuya, domin jikinsu roba ne mai tsagewa, ga na'urorin lantarki da maƙeri ba zai iya bugawa ba. Mai neman murfin gefe na Suzuki ko Yamaha na wancan lokaci, wanda kamfani ya daina yi tuntuni, yana cikin halin da mai Indian ya shiga a 1954.