Shekara 12 kafin a janye takarda ɗaya

A Fabrairun 1998, mujallar likitanci ta The Lancet ta buga binciken wani likita a Landan, Andrew Wakefield, da abokan aikinsa 12. Yara 12 kacal suka duba. Daga nan suka nuna wai akwai alaƙa tsakanin allurar MMR, wadda ke kare yara daga ƙyanda da hangum da rubela, da lalurar otizim. Takardar da kanta ba ta ce an tabbatar ba, amma a gaban 'yan jarida Wakefield ya nemi a daina haɗa alluran uku.

Iyaye suka tsorata. A Ingila, yaran da ake yi wa allurar suka ragu daga kusan kashi 92 cikin ɗari zuwa 80, ƙyanda kuma ta dawo.

Abin da masu karatu ba su sani ba, Wakefield yana karɓar kuɗi ta hannun lauyan da ke shirin maka kamfanonin allurar a kotu. Masanan da suka tantance takardar ba su gano haka ba. Ɗan jarida Brian Deer ne ya tono a 2004, kuma a shekarar marubuta goma suka janye fassarar sakamakon.

To, a ganina a nan mujallar ta fi yin sake. Ta riga ta ji batun kuɗin, amma ta bar takardar a tsaye har Fabrairun 2010. Wata uku bayan janyewar, aka soke lasisin Wakefield.