Daga Aban zuwa Adum: gidajen mulkin Kumasi a idon magini

A unguwar Bantama ta Kumasi na koyi riƙe cokalin gini, a hannun mahaifina, shi kuma a hannun nasa mahaifin ya koya. Idan magina suka zauna hutun rana suna taɓa tarihi, ba sa lissafa sarakuna da gwamnoni. Sai dai ka ji ana cewa zamanin jinka, zamanin kwano, zamanin siminti. A haka aka ba ni labarin gidajen da aka mulki Kumasi daga cikinsu.

Tsohuwar Kumasi da itace da laka aka gina ta. A kafa sanduna, a saƙa su, a cika da laka, a ɗora jinka mai tsini don ruwan wannan daji ya zube da sauri. Ɗakuna huɗu ne ke fuskantar tsakar gida, ƙasan bango a shafe shi da jar ƙasa har ya yi sheƙi, samansa da farar ƙasa, duk an fito da zane a jiki. Baturen nan Bowdich ya zana irinsu da ya zo a 1817, kuma 'yan kaɗan da suka rage a ƙauyukan kewaye UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 1980. Bahaushen magini da ya saba da tubali da azara da rufin soro, in ya iso nan dole ya sake koyon sana'a, domin soro ba ya jure damina biyu a shekara.

Ginin dutse na farko da ake labari shi ne Aban, wanda Asantehene, wato sarkin Asante, Osei Bonsu ya kammala a 1822 da magina daga bakin teku. Sojojin Ingila ƙarƙashin Wolseley suka tarwatsa shi a 1874. Bayan shekara ashirin da biyu Turawan Ingila suka dawo, suka kama Asantehene Prempeh na Ɗaya, suka ƙone hubbaren sarakuna da ke nan Bantama, sannan suka tattara duwatsun Aban suka sa a ginin ganuwarsu, wadda aka gama a 1897. Mahaifina ba ya wuce wurin nan bai tsaya ya shafa bangon ba. Yakan ce dutse ba shi da ubangida, wanda ya ɗauke shi shi yake yi wa aiki.

A ganina ganuwar nan ce gidan hukumar gari na farko a zamanin Turawa, ko da yake ba a kira ta haka ba. Daga nan ake ba da umarni, kuma tsarinta ya nuna yadda mai ita ya ɗauki mutanen gari: bango mai kauri, hasumiya a kusurwa, kafofin bindiga, da bene wanda Bature ke leƙen gari daga kansa. An gina ta ne don a kulle ƙofa. An kuwa kulle ta a 1900, lokacin da Gwamna Hodgson ya nemi a kawo masa Kujerar Zinariya ta Asante, Yaa Asantewaa ta tashi da yaƙi, aka tsare shi a ciki tare da sojojin da ake kira Hausa, kodayake cikinsu akwai ƙabilun arewa iri-iri. Yau gidan tarihin soja ne.

Abin da mutanenmu na zango ba su cika sani ba shi ne, hukumar garin da muke kai wa haraji a yau daga cikin gidajenmu aka haife ta. Jirgin ƙasa ya iso a 1903, koko ya kawo kuɗi, fataken goro da shanu suka cika zango, gidaje suka cushe babu magudana. A 1924 annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta ɓarke, zango ya ji jiki ƙwarai. Aka rushe gidaje, aka yanka sabbin filaye a jere, aka yi wa mutane sabon zango. Wannan a zamanin Sarkin Zango Malam Salau ne. A 1925 aka kafa Hukumar Lafiyar Jama'a ta Kumasi, kuma ita ce ta riƙa sauya riga: ta zama majalisar gari, ta zama majalisar birni, har ta zama hukumar birnin Kumasi ta yau, wato KMA, bayan dokar ƙananan hukumomi ta 1988.

Daga wannan lokaci sana'armu ta canza. Kakana da ƙafa yake auna fili, ya ja layi da toka. Mahaifina kuwa sai da taswira da takardar izini, da faɗin taga da aka ƙayyade, da tazara tsakanin gida da gida. Jinka ta kau saboda ɓera da gobara, kwano ya hau. Magina da ke ɗora bangon laka hawa-hawa, irin ginin da har yau ake kira atakpame, suka mamaye aikin talaka, mu kuma muka koma birkiloli masu bulo. Jami'an tsafta da ake kira duba-gari a Kano, a nan tankas ake ce musu, wato sunan majalisar garin ne baki ya tauna. Tsofaffin matanmu har yanzu in suka ga tsutsa a randa sai su ce a zubar kafin tankas ya zo.

To amma ka tambayi yaro a Bantama ina ake mulkin Kumasi, fadar Manhyia zai nuna maka. Gidan nan mai bene Turawa suka gina shi a 1925 domin Prempeh da ya dawo daga tsibirin Seychelles, shi kuwa ya ƙi shiga sai da Asante suka biya kuɗinsa. Ofisoshin KMA a Adum wuri ne na layi da rasit da hatimi, ba wanda ke zuwa ɗaukar hoton aure a gabansu. Ni dai ban ga laifin haka ba, don hannun hukumar ba a bangon ofishinta yake ba. Yana cikin faɗin lungun da ka bi da safe, da jan fentin da ake rubutawa a jikin ginin da ba shi da izini.

Manyan ayyukan kankare kuwa a unguwarmu suka sauka. Asibitin Komfo Anokye, kamfanin Gee, Walker da Slater ne ya gina shi a farkon shekarun 1950, shi ya sa har gobe direban tasi "Gee" yake kira. A wurin irin waɗannan ayyuka tsarar mahaifina suka koyi ɗaurin rodi da zuba dakin. Da aka zo sabuwar kasuwar Kejetia, mai shaguna sama da 8,000, kamfanin Contracta na Brazil ne ya yi ta da ƙarfe da na'urar ɗaga kaya. Yaran da na koya wa aiki biyu sun samu shiga. Da suka dawo na tambaye su bulo nawa suke jerawa a yini, sai ƙaramin ya yi dariya ya ce, "Baba, ai mu kusoshi muke ɗaurewa."